Karatun Kaka ya zo a ƙulle: yadda na girka unrar a Debian

Yayana da ke zaune a Damagaram ne ya ɗauki nauyin kaset-kaset ɗin Kakanmu, Allah ya ji ƙansa. Karatun da yake yi a zaure bayan la'asar ne, da tafsirin watan azumi, wanda almajiransa suka riƙa ɗauka da rediyo. Sun daɗe a cikin adaka har wasu sun fara cin zare. Yaya ya samu wani yaro mai situdiyo ya juye su zuwa kwamfuta, shi kuma yaron ya tattara komai ya matse, ya datsa shi gunduwa-gunduwa saboda intanet ɗinsu ba ta jure babban fayil, ya sa kalmar sirri, sannan aka turo mini. Sunayen gutsattsarin duk iri ɗaya ne, lambar ƙarshe ce kawai ta bambanta: karatu.part1.rar, karatu.part2.rar, haka har ƙarshe, duk a irin matsin da ake kira RAR. Kalmar sirrin kuwa a saƙon murya Yaya ya faɗa mini ita, yana maimaita kowane harafi da Faransanci.

Kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu na saye ta, ƙwaƙwalwarta gigabait 4. Da ta fara nauyi, ƙanena ya sauke abin da ke kanta ya sa mini Debian 12, wani tsarin Linux, da fuskar Xfce, wadda ba ta cin ƙarfin inji. Daga filas ya girka ta, da babban hoton DVD, ba tare da ya haɗa ta da intanet ba. Ni dai rubutu nake yi da ita da shiga burauza, ban taɓa neman ƙara mata wata manhaja ba sai ranar nan.

Na danna gutsuren farko sau biyu. Wata 'yar manhaja mai suna Xarchiver ta buɗe, ta ce ba ta gane wannan nau'in fayil ba, ta tsaya nan. Abin da na fahimta daga baya, wanda da na san shi tun farko da ban yi ta danne-danne ba, shi ne Xarchiver ba ita ke kwance komai ba. Fuska ce kawai. Idan ka ba ta zip, sai ta kira unzip a ɓoye ya yi aikin. Idan tar ne ta kira tar. Idan RAR ne sai ta duba ko akwai wani a cikin injin da ya iya RAR, in babu ta ce maka ba ta sani ba. Haka Engrampa da Ark da File Roller suke a mafi yawan aikinsu, ko da yake wasunsu suna da ɗan abin da suke iyawa da kansu. Ke nan ba sabuwar taga mai kyau nake buƙata ba, ƙaramin ma'aikacin da ke bayan tagar nake nema.

Na kira ƙanena. Yana cikin hayaniya, ya ce, "Yaya, buɗe Terminal kawai ka rubuta sudo apt install unrar, shi ke nan." Ya kashe waya.

Ba shi ke nan ba ne.

Terminal ita ce baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu. Na rubuta abin da ya ce, ta tambaye ni kalmar sirrina. Ina dannawa ba abin da ke fitowa, ko ɗigo ko tauraro, har na ɗauka madannan sun mutu. Haka take, da gangan ne, don wanda ke tsaye a bayanka kada ya san ko haruffa nawa ne. Na gama na danna Enter, sai ta amsa da sunana tare da cewa is not in the sudoers file, wato ba na cikin waɗanda aka yarda su ba da umarnin mai gida.

Dalili kuwa yana wurin girkawa. A Debian, idan ka sa wa root, wato asusun mai gida na injin, kalmar sirri lokacin da kake girka tsarin, to ba a saka sunanka cikin rukunin sudo. Idan ka bar wurin babu komai, sai a ba asusunka na farko ikon sudo. Ƙanena ya sa kalmar, kuma Allah ya taimake ni ya rubuta ta a bayan kwalin caja. Na shiga da ita:

su -

Wannan 'yar karan da ke bayan su tana da muhimmanci. Idan ka bar ta, za ka zama root amma ba za a nuna maka hanyar /usr/sbin ba, sai ka rubuta usermod a ce maka babu umarni mai wannan suna, alhali yana nan. Daga nan:

usermod -aG sudo sunana

Harafin a ɗin nan shi ke cewa a ƙara ka a rukunin ba tare da an cire ka daga sauran ba. Sai na fita daga asusuna gaba ɗaya na sake shiga, don ba ya kamawa sai an yi haka.

Na dawo da ƙarfina, na fara da sudo apt update kamar yadda ake cewa a yi. Sai ja ya cika allo. A tsakiyar rubutun akwai kalmar cdrom, da kuma does not have a Release file. Na kunna intanet ta wayata, na tabbatar burauza tana buɗe shafuka, amma apt ko kallon intanet ɗin bai yi ba.

A nan ne na zauna na karanta yadda abin yake. Apt ɗan aike ne mai bin takarda: shagunan da aka rubuta masa kaɗai yake zuwa, ko da kayan da kake nema suna shagon da ke maƙwabtaka, in ba ya cikin takardar ba zai leƙa ba. Takardar tana /etc/apt/sources.list. Na buɗe ta da

sudo apt edit-sources

na zaɓi nano a cikin editocin da ya jero. Layi ɗaya ne mai rai a ciki, wanda ya fara da deb cdrom, yana nuni zuwa faifan da aka girka tsarin da shi. Tunda babu intanet ranar girkawa, ba a rubuta masa rumbun kan layi ba. Na sa alamar # a farkon layin don ya daina karanta shi, na rubuta waɗannan a ƙasa:

deb http://deb.debian.org/debian bookworm main non-free-firmware
deb http://deb.debian.org/debian bookworm-updates main non-free-firmware
deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main non-free-firmware

Bookworm shi ne laƙabin Debian 12, wadda ta fito ranar 10 ga Yunin 2023. A nano, Ctrl da O ke adanawa, ka danna Enter, sannan Ctrl da X ka fita. Amfanin bi ta edit-sources maimakon buɗe fayil ɗin kai tsaye shi ne yana duba abin da ka rubuta, in ka karya layi ya faɗa maka kafin ka tafi.

Ga mai sayen data da kuɗinsa, akwai abin lura a nan. Misalai da yawa da za ka gani suna ɗauke da layukan da suka fara da deb-src. Waɗannan na masu son ainihin rubutun manhaja ne don su harhaɗa da kansu. In ba wannan ne aikinka ba, kada ka sa su, domin kowane apt update zai riƙa jawo maka wani babban jeri da ba ka buƙata. Ko ba su ma, karon farko ya ci mini sama da megabait goma, tunda jerin sunaye da bayanan ƙunshin manhaja sama da 60,000 yake saukewa. Shi update ba ya girka komai, ba ya sabunta komai. Jerin kaya kawai yake karɓowa ya ajiye a /var/lib/apt/lists.

Wannan karon ya wuce lafiya. Na sake rubuta umarnin ƙanena, sai ga wata amsa: Package 'unrar' has no installation candidate. Ma'ana ya ji labarin sunan, wasu ƙunsosin suna ambatonsa, amma babu inda zai ɗauko shi. Na tambaye shi da apt policy unrar, ya nuna mini none a wurin da ya kamata lambar siga ta fito.

Kafin in bi diddigin wannan, na tuna 7-Zip, wadda na saba da ita tun ina amfani da Windows, kuma na san tana buɗe RAR. Na yi apt search 7zip, na ga ƙunshi biyu: p7zip-full da 7zip. Na farkon tsohon juyi ne da wasu suka yi wa Linux, ya tsaya a siga 16.02 tun 2016. Na biyun daga ainihin manhajar Igor Pavlov yake, wanda ya fara fitar da 7-Zip a 1999 amma bai fitar da ta Linux da kansa ba sai 2021. A Debian 12 umarnin na farkon 7z ne, na biyun 7zz. Na ɗauki p7zip-full saboda shi tagogi irin su Xarchiver suka daɗe da sani.

sudo apt install p7zip-full

Ya girku cikin ɗan lokaci. Na shiga foldar da gutsattsarin suke, na rubuta 7z l karatu.part1.rar, sai ga sunayen karatun sun jeru, Baƙara, Ali Imrana, har da girman kowanne. Raina ya yi fari. Na canza l zuwa x don ya kwance. Ya yi ta zubo Unsupported Method layi bayan layi, kuma da na duba foldar, fayilolin suna nan da sunayensu amma kowanne girmansa sifili. Yana iya karanta jerin abin da ke ciki, amma ɓangaren da ke warware matsin RAR an cire shi.

An cire shi ne da sani, kuma dalili ɗaya ne da wanda ya hana unrar fitowa. RAR na Eugene Roshal ne, injiniya ɗan Rasha, wanda ya fitar da shi a 1993. Rubutun manhajar unrar a buɗe yake, kowa na iya karantawa, kuma kyauta ake amfani da shi. Sai dai lasisinsa yana da sharaɗi: ba a yarda ka yi amfani da rubutun wajen gina abin da zai riƙa matse fayil zuwa RAR ba. Ita kuwa Debian, tun da Ian Murdock ya kafa ta a 1993 take kan manhaja mai 'yanci, kuma tana da rubutattun ƙa'idoji na abin da zai shiga sashen main. Duk abin da ya zo da irin wannan sharaɗi ba ya shiga. Ba su jefar da shi ba, sun ajiye shi a wani sashe mai suna non-free, suka bar maka zaɓin buɗewa da hannunka. Akwai kuma contrib, na manhajojin da su kansu masu 'yanci ne amma sun dogara da waɗanda ba haka ba. Shi non-free-firmware da na riga na rubuta sabon sashe ne da aka ware a Debian 12, don abubuwan da katin Wi-Fi da makamantansa ke buƙata, kuma buɗe shi ba ya buɗe non-free. Mutane da yawa suna ganin kalmar a layinsu su ɗauka an gama. A Ubuntu irin wannan sashe multiverse ake ce masa, kuma a kwamfutar tebur yawanci a buɗe yake zuwa, shi ya sa ƙanena, wanda Ubuntu yake amfani da ita, ya ɗauka layi ɗaya ya isa.

Da farko abin ya ba ni haushi, ina ganin tsaurin kai ne kawai. Yanzu ba na ganin haka. Ba su hana ni komai ba, kalma biyu ce tsakanina da abin, kuma na san abin da na shigar da kuma sharaɗin da ke kansa.

Akwai hanyoyin da ba sa bi ta non-free, na kuma duba su. Ɗaya unrar-free, wanda ke cikin main, amma ba shi da ƙarfi a kan RAR mai kalmar sirri, nawa kuwa ga kalmar sirri ga gutsattsari. Ɗayan unar, wanda ya fito daga The Unarchiver ta kwamfutocin Apple. Shi yana da ƙoƙari sosai, har yana iya gano sunayen fayil da suka rikice a tsofaffin zip. Na rubuta sudo apt install unar don in gani, sai ya jero wasu ƙunsosin GNUstep da zai jawo tare da shi, ya faɗi yawan abin da zai sauke da wurin da zai ci, ya tambaya Y ko n. Na duba ragowar datata na danna n. Wannan ɗabi'a ta apt tana burge ni: yana gaya maka kuɗin kafin ka biya, kuma in ka ce a'a ba abin da ya taɓa.

Na koma edit-sources, na ƙara contrib non-free a kowane layi bayan main, na sake update, sannan:

sudo apt install unrar

Bai ma tambaye ni Y ko n ba. Idan abin da ka nema shi kaɗai ne, babu wani da zai biyo shi, wucewa yake yi kai tsaye. Ƙunshin bai kai megabait ɗaya ba. Na zuba ido ga layukan da ke wucewa: Get, sannan Unpacking, sannan Setting up. Wannan Unpacking ɗin ya sa ni murmushi, domin shi ma fayil ɗin .deb ƙunshi ne a matse, a cikinsa akwai tar guda biyu, ɗaya na bayanin sarrafawa ɗaya na ainihin kayan. Apt ne ke nemowa ya sauke, dpkg ke kwancewa ya sa kowane abu a mazauninsa. Wato ana kwance ƙunshi ne don a ba ni abin kwance ƙunshi.

Duk wanda ya taɓa kai kwamfuta wurin masu gyara a kasuwa ya san yadda ake samun irin wannan manhaja a can. Filas ɗaya ce ke yawo daga inji zuwa inji, cike da manhajojin da aka fasa, ba wanda ya san inda aka samo su ko abin da aka cusa a ciki. Ko kuma ka shiga intanet ka tarar da maɓallan saukewa huɗu a shafi ɗaya, uku talla ne. A nan ba haka ba ne. Jerin da apt ya sauke yana ɗauke da sa hannun Debian na sirri, kuma a cikin jerin akwai lambar tantancewa ta SHA256 ta kowane ƙunshi. In abin da ya iso bai yi daidai da lambar ba, ba zai girka shi ba. Ba ina cewa ba a taɓa samun ɓaraka ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ƙofar baya a cikin xz, wadda ita ma manhajar matse fayil ce, a siga 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga rassan gwaji na wasu tsare-tsaren Linux kafin a kama ta, amma ba ta kai ga Debian 12 ba, wadda ke kan tsohuwar siga. Jinkirin da ake yi wa Debian gori a kansa ya yi rana a wannan karon.

Sauran aikin na unrar ne. Na fara da gwaji kafin kwancewa, don kada in cika faifai da abin da ya lalace:

unrar t karatu.part1.rar

Gutsuren farko kawai ake ba shi, shi zai bi sauran da kansa, muddin suna folda ɗaya kuma sunayensu sun jeru. Ya nemi kalmar sirri, na sake sauraron muryar Yaya, na rubuta. Ya fara bi, OK, OK, OK, sai ya tsaya ya ce ba ya ganin karatu.part3.rar. Na duba da ls, umarnin da ke jera fayilolin folda. Yana nan, amma sunansa karatu.part3 (1).rar, saboda saukewar farko ta yanke, burauza ta sake saukewa ta liƙa masa lamba. A ido ba wani bambanci, a wurin unrar kuwa wani fayil ne daban. Na gyara:

mv "karatu.part3 (1).rar" karatu.part3.rar

Alamomin zance dole ne saboda sararin da ke cikin sunan. In ba ka son rubuta su, rubuta farkon sunan ka danna Tab, ita Terminal za ta ƙarasa maka daidai. Tun da na san Tab ban sake rubuta dogon suna da hannu ba.

Na sake gwaji. Ya wuce na uku, ya je wani na gaba ya ce Unexpected end of archive. A nan ls -l ya yi mini amfani. Idan aka datsa RAR, duk gutsattsarin girmansu ɗaya ne, in ban da na ƙarshe da ke ɗaukar ragowa. Na bi lambobin da ido, duk iri ɗaya, sai guda ɗaya a tsakiya da bai kai rabin 'yan uwansa ba. Na sake sauke shi, ya sake zuwa da wannan girman, ke nan tun daga can ya taso a gutsure.

Na kira Yaya bayan isha'i. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi su Inna.

"Yaya, guda ɗaya bai iso cikakke ba, na biyar."

"To, sai a sake turo duka ke nan? Ka san wahalar da muka sha kuwa?"

"A'a Yaya, shi kaɗai. Amma ka ce wa yaron kada ya sake matsewa daga farko, wanda ke wurinsa zai turo. In ya sake sabo, ba zai haɗu da waɗannan ba."

"To, Allah ya kai mu gobe. Kai da injinka sai Allah."

Da ya iso, gwajin ya tafi har ƙasa ya rufe da All OK. Da a ce babu yadda za a sake samun gutsuren, akwai -kb da ke sa unrar ya bar abin da ya samu ko da bai cika ba, kuma ga sauti wannan ba ƙaramin abu ba ne, rabin karatu ya fi babu. Ban kai ga buƙatarsa ba. Na kwance:

unrar x karatu.part1.rar

Akwai x akwai e, kuma ba ɗaya ba ne. X yana fitar da komai da foldodinsa yadda aka tsara su. E yana zubar da duk fayilolin wuri ɗaya. Yaron situdiyon ya raba karatun folda-folda, kowane kaset da tasa, a ciki kuma Face A da Face B, sunaye iri ɗaya a kowace folda. Da e aka bi, da sun yi ta karo da juna ana tambayata ko a danne na baya.

Sunayen sun fito lafiya, da ƙ ɗin Baƙara da é na Faransanci duka, domin RAR na zamani, tun siga ta 5 da ta fito a 2013, da UTF-8 yake ajiye suna. Na buɗe na farko. Shuuu ɗin kaset ya fara zuwa, sai ƙarar jan tabarma, wani ya yi tari kusa da rediyon, sannan Kaka ya yi basmala da muryar nan tasa mai ɗan kaushi, mai jan baki ya karanto aya, ya bi ta da fassara. Can a tsakiya akuya ta yi kuka, ya dakata ya ce a kore ta. Ban ci gaba da aikin komai ba a daren.

Washegari na koma kan Xarchiver don in gani. Na danna gutsuren farko sau biyu, ta nemi kalmar sirri, ta buɗe jerin kamar ba ita ce ta ƙi jiya ba. Ba abin da na canza a jikinta, ta dai samu wanda za ta aika.

Saura rabawa dangi, kuma a nan na yanke shawarar ba zan tura wa kowa RAR ba. Ko da ina so ma unrar ba ya matsewa, kwancewa kawai ya iya. Mai matsewar, rar, na sayarwa ne, gwajin kwana 40 ake ba ka. Ban da haka, na kwatanta girman gutsattsarin gaba ɗaya da girman abin da ya fito, bambancin kaɗan ne ƙwarai. MP3 a matse yake tun asali, haka JPEG da MP4, sake matse su ba ya rage wani abin kirki. Matsi yana aiki ne a kan rubutu, da takardun lissafi, da sautin WAV zuwa wani mataki. Abin da yaron ya samu daga RAR datsawa ce kawai da kulle, kuma datsawar ce ta sa gutsure ɗaya ya tsare duka.

Gwaggona da ƙannen mahaifina waya suke da ita, ba kwamfuta ba, kuma ba wanda zan ce wa ya je ya sauke wata manhaja. Zip, wanda Phil Katz ya fitar tun 1989, kusan kowace waya da kwamfuta tana buɗe shi da kanta. Windows 11 ta fara buɗe RAR da 7z da kanta a 2023, amma ba kowa ke da ita ba. A nan p7zip-full da na girka tun farko ya biya kuɗin datarsa:

7z a -tzip -mx=0 kaset01.zip kaset01/

Wannan -mx=0 yana nufin a tattara kawai kada a matse, don haka cikin daƙiƙoƙi yake gamawa ko a tsohon inji irin nawa. Kowane kaset na yi masa zip nasa mai zaman kansa, ba kalmar sirri. In ɗaya ya lalace a hanya, shi kaɗai ya lalace. Na kuma cire ƙugiyoyin haruffa da na Faransanci daga sunayen kwafin da zan raba, saboda Baffa a rediyon mota yake saurare ta filas, kuma allon rediyon akwatuna yake nunawa a maimakon ƙ da ɗ. Kwafin da na ajiye wa kaina na bar shi da sunayensa na asali, a faifai biyu daban.

Wani abokina malamin makaranta yana da irin injina da irin Debian ɗina a ƙauyen da yake koyarwa, inda intanet sai an hau tudu. Ya ce in kawo masa abin buɗe RAR in na tashi zuwa. Na leƙa /var/cache/apt/archives ina tsammanin ƙunshin yana nan, na tarar babu. Umarnin apt yana share abin da ya sauke da zarar ya girka, tsohon apt-get ne ke barin su. Amma akwai hanya mai sauƙi, ba ta ma buƙatar sudo:

apt download unrar

Ya ajiye mini fayil ɗin .deb a foldar da nake. Don in tuna duk abin da na girka tun farko, na duba /var/log/apt/history.log, inda kowane umarni yake a rubuce da ranarsa, na ga ashe p7zip-full ya zo da wani ƙaramin ƙunshi mai suna p7zip, na sauke su biyun su ma. Na kwafe duka a filas. A wurinsa, daga cikin foldar, sudo apt install ./unrar*.deb ./p7zip*.deb ya isa, kuma ɗigo da karan da ke gaban sunan su ke gaya wa apt cewa fayil ne a nan kusa, ba suna ne da zai nema a rumbu ba. Sharaɗin kawai shi ne injin ya zama Debian 12 ne, kuma ƙirarsa amd64 kamar nawa. Nasa haka yake, ya girku ba tare da ya taɓa sources.list ɗinsa ba.